Yadda ake zama madugun okestira na unguwa

Ƙanina ne ya turo min wani bidiyo a WhatsApp, wani mutum mai gashi buzu-buzu yana tsaye gaban okestira, wato taron makaɗa masu kaya iri-iri, sun fi ɗari yana ta fifita da 'yar sanda kamar tsinken tsire, sai ya rubuto a ƙasa wai "Yaya shi wannan me yake yi ne, naga kowa idonsa na kan takarda, ai ko ni zan iya." Dariya nayi sosai, don nima haka na ɗauka shekarun baya. Mutumin Gustavo Dudamel ne ɗan ƙasar Benezuwela, aikin nasa kuma Turawa kwandakta suke ce masa, amma mu da ka ce kwandakta kowa kwandastan mota zai hango yana rataye a ƙofar bas, shi yasa ni madugu nake cewa, madugu uban tafiya, tunda aikin kenan, ya san hanya ya kuma kai ayari lafiya. To ga mai son wannan sana'a, musamman irin wadda ake yi da yaran unguwa ba wadda ake sa kwat a shiga babban zaure kawai ba, ga yadda abin yake.

Abu na farko da zan faɗa maka kar ka fara da sanda. Kusan duk wani madugu da ka sani makaɗi ne kafin nan. Dudamel an haife shi a 1981 a garin Barquisimeto, babansa mai busa torombon ne, wani dogon ƙahon tagulla da ake zugewa da hannu, shima ita yaso amma hannunsa bai kai ba saboda ƙanƙanta, sai aka bashi biyolin, wato gogen Turawa, ya zauna cikin sahu shekara da shekaru yana gogawa ana masa tsawa kamar kowa. Wannan zaman cikin sahun shine makarantar gaskiya, a nan kake sanin yadda makaɗi yake ji idan madugu ya tsayar da kiɗa sau ashirin ba tare da ya faɗi abin da yake so ba, a nan kake sanin cewa mai busa yana buƙatar numfashi kuma mai goge yana da iyakar tsawon izgarsa. Ka zaɓi kayan kiɗa guda ɗaya ka iya shi sosai, sannan ka ɗan taɓa fiyano ko kibod ko da ba ka ƙware ba, don da shi zaka rinƙa jin yadda sautuka suke haɗuwa. A wajenmu inda ake samun irin wannan zaman sahun shine ƙungiyar mawaƙan coci, 'yan badujalar makaranta, da na sojoji da 'yan sanda, kuma kar ka raina su, da yawa cikin masu iya karatun kiɗa a ƙasar nan daga nan suka fito. Wanda yake da halin karatu mai zurfi akwai makarantar MUSON a Onikan can Legas, akwai sashen kiɗa na jami'ar Nsukka, sannan akwai jarabawar ABRSM ta Ingila da ake hawa daga mataki na 1 zuwa na 8.

Sai karatun takarda, kuma nan ne mutane da yawa suke gudu. Kowane makaɗi layinsa kaɗai ke gabansa, kai kuwa naka littafin yana ɗauke da na kowa an jera daga sama zuwa ƙasa, masu sarewa da obo da kilarinet da basun a sama, sai masu ƙahonin tagulla, sai masu ganguna, 'yan goge a can ƙasa, kuma dole idonka ya rinƙa karanta su a tsaye lokaci ɗaya yana kuma tafiya gaba. Akwai wani tarko a ciki, wasu kayan abin da aka rubuta musu ba shine yake fitowa ba, kilarinet da tarampet na yau da kullum idan suka busa do abin da kunne zai ji taki ɗaya ne ƙasa da haka, ƙahon nan mai naɗi kamar dodon koɗi shi kuma taki biyar yake sauka, biyola ma, yayar biyolin, tana da nata mabuɗin karatun takarda daban, to idan baka san wannan ba zaka tsaya kana gyara wa yaro abin da daidai ya busa, ya kalle ka ya kalli abokinsa, daga ranar girmanka ya zube. Hanyar koyo ba wata dabara, ka shiga IMSLP a intanet akwai dubban takardun kiɗa na tsofaffin mawallafa kyauta, ka sauke ƙarami mai layi huɗu, ka kunna shi a YouTube kana bi da yatsa, gobe ka kashe sautin ka rera layi ɗaya da bakinka kana bubbuga wani layin da hannu a cinya. Da fensir a hannu kullum, kana sa alama inda wane zai shigo, inda za a sassauta, inda za a ja numfashi.

Yanzu hannu. Na dama shine agogo. Idan kiɗan mai bugu huɗu ne hannu zai yi ƙasa, hagu, dama, sama. Mai uku ƙasa, dama, sama. Mai biyu ƙasa da sama kawai. Wannan cikin kwana biyu yaro ɗan firamare zai haddace, shi yasa ƙanina yake ganin zai iya. Abin da ke da wuya shine bugun da ke zuwa kafin kiɗa ya fara, wannan ɗaga hannun guda ɗaya da kake yi tare da jan numfashi, a cikinsa ne makaɗa suke gane saurin da za ayi da ƙarfin da za a fara da shi da ma yanayin kiɗan ko na murna ne ko na alhini, idan ka ɗaga da inda-inda to haka zasu shigo maka kamar awaki an buɗe garke. Kullum hannunka yana gaban sauti da ɗan kaɗan, idan ka tsinci kanka kana bin su to rawa kake yi ba jagora ba. Hagu kuma kar ya zama madubin dama, aikinsa nuna wa wane lokacinka yayi, ku ƙara, ku rage, ku riƙe, ku yanke. Da ido, ido ma yafi hagun aiki, yaron da yake ƙirga shiru na layi arba'in yana jiran wurin shigowarsa kallo ɗaya zaka masa ya samu natsuwa. Wanda ya taɓa zama kusa da mawaƙin gargajiya da 'yan amshinsa ya san wannan, yadda da ɗan juya kai ko ɗaga kafaɗa masu kalangu suke gane za a sauya.

Ka tsaya gaban madubi, amma abin da yafi madubi shine ka jingina waya ta ɗauke ka bidiyo lokacin atisaye, ka kalla da dare kai kaɗai, zaka ji kunya wallahi, zaka ga kana lanƙwasa gwiwa kana taune leɓe kana kaɗa hannu biyu kamar mai korar kaji. Jorma Panula, malamin nan na Finlan da ya yaye manyan madugai irin su Esa-Pekka Salonen a makarantar Sibelius ta Helsinki, da bidiyon nan ya shahara wajen koyarwa, kuma ba mai yawan magana bane. Ita sandar kanta ba dole bace, masu jagorar mawaƙa da yawa da hannu zalla suke yi. A da can ma ƙatuwar sanda ake dokawa a ƙasa, har Jean-Baptiste Lully makaɗin fadar sarkin Faransa ya doki ƙafarsa da ita, ciwon ya ruɓe ya zama ajalinsa a 1687, to ka gode Allah yanzu tsinke ne.

Duk wannan da na lissafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na aikin madugun unguwa ba, sauran kujeru ne da iyaye da tsirkiya da kuɗin mota.

Dubi yadda abin ya faro a Benezuwela. A 1975 José Antonio Abreu, wanda masanin tattalin arziki ne kuma makaɗi, ya kira atisaye a wani garejin ajiye motoci a Karakas, an tanadi wuraren ɗora takardar kiɗa da yawa, mutum 11 ne suka zo. Bai ce a ɗage sai an taru ba, da su ya fara, abin da ya zama El Sistema kenan mai cibiyoyi a faɗin ƙasar da dubban ɗaruruwan yara suka ratsa ta ciki, har da shi Dudamel ɗin wanda yana ɗan shekara 18 aka bashi jagorancin okestirar matasa ta Simón Bolívar a 1999, ya ci gasar madugai ta Mahler a Bamberg ta Jamus a 2004, ya karɓi okestirar Los Angeles a 2009. Amma ni labarin da yafi taɓa ni na Kinshasa ta Kwango ne, don yanayinsu yafi kama da namu. Armand Diangienda matuƙin jirgin sama ne, aikin ya tsaya, jikan Simon Kimbangu ne, malamin addinin da cocin Kimbanguiste ta samo asali daga gare shi, a 1994 ya tara mutane a gidansa suka kafa okestirar Kimbanguiste, shi kansa ba makarantar kiɗa yaje ba koya wa kansa yayi, biyolin ɗinsu basu kai yawan masu koyo ba sai karɓa-karɓa ake yi, tsirkiya in ta tsinke wayar birkin keke ake ɗaurawa, cikinsu akwai mai gyaran wuta akwai mai suyar ƙwai a kasuwa, ba mai biyansu ko sisi, a tashi daga neman abinci a taho atisaye da yamma ko da wuta ko babu, kuma mutanen nan sai da suka kaɗa simfoni na 9 na Beethoven, wani dogon kiɗa mai wuyar gaske, da mawaƙansa da komai. A Cateura kuma kusa da Asunción ta Faragwai, unguwar da ke kan juji, Favio Chávez da wani mai tsintar bola suka rinƙa ƙera celo, wato ƙaton goge, da garwar mai da biyolin da gwangwani da cokali mai yatsu. Saboda haka maganar "sai mun samu kaya" ban cika yarda da ita ba.

Ka fara da abin da baya buƙatar kuɗi, murya da tafi. Wata uku na farko yara suna rera do re mi suna tafa bugu suna koyon kallon hannunka, su koyi tsayawa tare wanda yafi farawa tare wuya. A wasu cibiyoyin El Sistema ƙananan yara da biyolin na kwali suke farawa wanda iyaye suka taya su liƙawa, su koyi riƙo da zama da ajiyewa a hankali kafin a damƙa musu na gaske, kuma dabara ce mai kyau don yaron da ya kula da na kwali wata biyu bai yaga ba ka san wanda zaka ba na katako. Sarewar roba mai arha tana biye. In kayan goge sun samu ka tuna suna da girma-girma, akwai kwata akwai rabi akwai uku bisa huɗu, kar ka ɗora wa ɗan shekara bakwai na manya wuyansa ya ƙage ya tsani abin gaba ɗaya. Kuma a ƙasarmu hunturu maƙiyin katako ne, yana tsaga shi yana sassauta maƙullan tsirkiya, ka sa ɗan soso mai danshi cikin 'yar roba mai huji a akwatin, kar a bar kaya a but ɗin mota da rana, sannan ka nemi kafinta mai haƙuri ka zaunar da shi gaban YouTube ya koyi ƙananan gyare-gyare tunda mai gyaran biyolin ba a kowane gari yake ba. Tsirkiya da ƙaron da ake shafa wa izga su kullum cikin ƙarewa suke, duk wanda ya tambaye ka me zai taimaka da shi ka ce su.

Wuri kuma a samu na dindindin, ajin makaranta bayan an tashi ko ɗakin taron unguwa, da rana tsayayya da lokaci tsayayye, kuma kai ne zaka riga kowa zuwa. Na taɓa taimaka wa wata 'yar ƙungiya ta makaranta, malamin ya iya kiɗa ba ƙarya amma yau ya zo gobe ya aiko wai uzuri, kafin zangon karatu ya ƙare yara talatin sun koma shida, ba wanda ya kore su, kawai sun gane abin ba da gaske bane. Ka kauce wa lokacin sallah da na islamiyya da na aiken gida, ka tashi yara da sauran haske musamman mata.

Iyaye kuwa sai ka taka da ƙafarka. A ƙasar Hausa da yawa in an ce kiɗa roƙo suke ji, ko shashanci, kuma ba zaka canza wannan da gardama ba. Ka je ka gaida mai unguwa, ka shiga gida-gida ka durƙusa ka gaisa, ka ce Baba ga abin da muke yi, ga lokacin da muke tashi, ƙofa a buɗe take ku zo ku gani duk ranar da kuka ga dama. Wanda yace a'a ka ce na gode ka tashi, kar ka zagaya ta bayan gida ka ja ɗansa. Maganar ƙofa a buɗe ɗin nan da gaske nake, kar babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe ko waye shi, a samu manya biyu a wuri kullum, in akwai 'yan mata a samu mace cikin masu kula. Shi kansa El Sistema da duniya take yabo bai tsira daga suka ba, wani mai bincike ɗan Ingila Geoffrey Baker ya fitar da littafi a 2014 yana cewa akwai mulkin kama-karya a ciki da atisaye mai tsawon da ya wuce hankali, madugu ya zama kamar sarki ba mai tambayarsa. Ko ka yarda da shi ko baka yarda ba gargaɗin abin ɗauka ne, don sandar nan tana shiga kai.

Shi atisayen kansa, a fara da saita kaya, a babbar okestira mai obo ne yake bada sautin A, wato la, kowa ya daidaita da shi, obo ɗin nan 'yar uwar algaita ce in ka ji ta, in baka da ita manhajar waya ta wadatar a sa ta kan 440. Kar ka cika surutu, wannan shine ciwon sababbin madugai, a tsayar da kiɗa a yi lacca ta minti biyar yara suna hamma. In ka tsayar ka faɗi abu ɗaya, gajere, wanda za a iya gyarawa yanzu, "masu celo kun riga mu, ku saurari ganga, daga layi na 17", shikenan a koma. In zaka iya rerawa da baki ka nuna yafi bayani. Kar ka ware yaro ɗaya ka kunyata shi gaban 'yan uwansa, ka sa sahun gaba ɗaya su maimaita shi ya san kansa. Wuri mai wuya a yi shi a hankali kamar tafiyar hawainiya sannan a ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Kuma a rufe da abin da suka iya suke so, su fita suna rera shi a hanya.

Wani aikin da ba a faɗa maka shine zaka zama tela. Kiɗan da aka rubuta wa makaɗa tamanin kai kuma kana da biyolin tara da sarewa huɗu da tarampet ɗaya da yaro mai ganga wanda baya jin a sassauta, dole ka yanka ka ɗinka daidai jikinsu, manhajar MuseScore ta rubuta kiɗa kyauta ce ka koye ta. Ka rubuta layi mai sauƙi na sauti biyu ko uku saboda wanda ya zo satin jiya shima ya zauna cikin sahu, kar a ce sai ya shekara yana koyo shi kaɗai a lungu. Kuma ba dole sai kiɗan Turawa ba, waƙoƙin gaɗa da na dandali da yara suka taso da su suna hawa goge lafiya lau, a Gana ma Nana Danso Abiam ya kafa okestira sukutum da kayan gargajiya a 1988, sai dai in zaka haɗa kalangu ko gogenmu da biyolin ka zauna da makaɗin ku daidaita tun da wuri don saitinsu ba ɗaya bane, kuma ka bashi girmansa, ba ado ka ɗauko shi ya yi maka ba.

Batun abinci, kar in ɓoye maka, wannan hanya bata ciyar da mutum da wuri, yawanci koyarwa a makarantu masu zaman kansu ko darasin gida ko kiɗan biki ne yake riƙe su. Wayon da Abreu yayi shine bai kai abin gaban gwamnati a matsayin nishaɗi ba, ya kai shi a matsayin aikin raya al'umma da tsare yara daga titi, shi yasa gwamnatoci suka yi ta sauyawa kuɗin bai yanke ba. Kaima in zaka rubuta takardar neman tallafi ka riƙe rajista tun ranar farko, yara nawa, sau nawa suka zo, nawa aka kashe a me, da rasit. Kuma manyan ma suna sa nasu, Marin Alsop, macen da ta karɓi okestirar Baltimore ta Amurka a 2007, dala dubu 100 ta ciro daga kuɗin kyautar da ta samu ta zuba aka fara shirin OrchKids na yaran unguwannin talakawa a 2008. Wannan kuma amsa ce ga ƙannena mata masu tambaya ko mace tana yi.

Kar ka jira sai sun ƙware kafin wasan farko, wata huɗu ko biyar ya isa, minti ashirin a filin makaranta, a aro kujeru da rumfa a gayyato iyaye da mai unguwa, a sa yara su yi wanka su sa kaya iri ɗaya ko da farar riga ce kawai. Za a yi kuskure, wani zai shigo kafin lokaci wata zata fashe da dariya, kai dai kar ka tsaya kuma kar fuskarka ta nuna. Uban da ya ce roƙo ne in ya ga 'yarsa zaune da takarda a gaba ana mata tafi yawanci shi zai tambaye ka yaushe ne na gaba.

Daga nan sai ka fara rage wa kanka aiki da gangan. Yaron da ya iya sauti biyar ya koya wa mai biyu, haka El Sistema ta yaɗu ba don tana da malamai da yawa ba, haka makarantar goge ta Buskaid a Soweto ta Afirka ta Kudu da Rosemary Nalden ta buɗe a 1997 take yi, manyan ɗalibai su ne malaman ƙanana. Shi Dudamel ma ai yadda ya fara riƙe sanda kenan, malaminsu ya makara wata rana yana ɗan yaro ya hau gaba yana kwaikwayonsa don a yi dariya, sai kiɗan ya tafi daidai, malamin ya shigo ya tsaya yana kallo bai kore shi ba. Ni duk atisaye minti goma na ƙarshe nake cewa a miƙa wa yaro ɗaya sandar bi da bi, kai ka koma sahun baya ka ɗauki biyolin ɗin wanda bai zo ba, ka bi hannunsa yadda ya nuna ko da ya kai ku rami, in an tashi ka ja shi gefe ka nuna masa inda ɗaga hannun nasa ya makara.